Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Kula da Yara Masu Naƙasa a Ƙauyukan Binuwai

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa membobi.

Bana ma mun ci gaba da fita daga Garwa, a arewacin Kamaru, zuwa ƙauyukan Pitowa da Lagdo, tare da ma'aikaciyar gashin ƙashi, wadda a nan muka fi sani da kine. Yawancin yaran da aka kawo mana gaɓɓansu ne suka sandare ko suka saki: wani doguwar naƙuda ce, wani shawara ta kama shi yana jariri, wani kuma sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Akwai kuma waɗanda aka yi wa allura a ɗuwawu ba a wurin da ya dace ba, ta taɓa jijiya, ƙafa ta saki.

Kine sau ɗaya take zuwa a wata, uwa kuwa kullum tana gida, don haka iyaye mata muka fi ba ƙarfi. A wani ƙauye mun tarar da yarinya kwance a ƙuryar ɗaki, maƙwabta suna cewa 'yar ruwa ce. Aka nuna wa uwar yadda za ta zaunar da ita a cikin daro, ta tokare ta da tsummoki, da yadda za ta miƙe mata hannu da ƙafa a hankali bayan wanka, ba da ƙarfi irin na ɗori ba. Kafinta ya haɗa mata kujera mai jingina. Da muka koma, a tsakar gida muka same ta zaune, ana ba ta kunu ba ta ƙwarewa. Sandunan koyon tafiya kuwa da reshen dogon yaro muka kafa su, ko sisi ba mu kashe ba.

Inda muka gaza shi ne wajen jarirai masu lanƙwasasshiyar ƙafa. Hanyar Ponseti tana aiki: ana naɗe ƙafar da simintin asibiti, ana sauya shi kowane mako, sannan a sa takalmin ƙarfe dare da rana har wata 3, daga nan da dare kawai har yaro ya kai shekara 4. To, da damina ta sauka, rafuka suka cika, babur bai ƙetarawa, iyaye suna gona, aka rataye takalman. Wasu ƙafafun sun koma gidan jiya. Laifin namu ne, ba mu bar kowa a ƙauyen da zai riƙa leƙawa ba. Mun riga mun yi magana da jauro-jauro, wato masu unguwanni, su ba mu mace guda a kowace unguwa mu koya mata kafin ruwan baɗi.

Mun kuma raka iyaye ofishin jin daɗin jama'a neman katin naƙasa, wanda dokar 13 ga Afrilu 2010 ta tanada.

Kuɗin man babur ne ya fi cin asusu. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a kai wa ma'aji kafin taronmu na 3 ga Disamba, ranar masu naƙasa ta duniya.

Sakatare, a madadin kwamiti.