Kafsul ɗin karotin ba maganin zuciya bane

Edita assalamu alaikum, dan Allah ka bani ɗan fili a jaridarka mai farin jini. Kwanaki na je gaida yayana sai ya ɗauko min wata kwalbar kafsul ja-ja yana ta murna, wai beta-karotin ne, mai talla ya ce masa yana narkar da kitsen jini yana kashe kumburin jijiyoyi, har ya ajiye maganin kolestarol ɗin da likita ya rubuta masa, ga shi kuma bawan Allahn nan sigari bata barin bakinsa.

Beta-karotin dai ɗaya ne daga cikin karotinoid, wato sinadaran da ke ba karas da tumatir kalarsu, kuma eh masu yawan cin ganye da kayan lambu zuciyarsu ta fi lafiya, amma fa cin karas daban haɗiyar kafsul daban. A Finland an yi gwaji da maza masu shan sigari sama da 29,000, ana ba wasunsu miligiram 20 na beta-karotin kullum, da sakamako ya fito a 1994 sai ga kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a masu shan kafsul ɗin, zuciyar kuwa ko kariya babu. Irinsa a Amurka dole aka tsayar dashi a 1996 tun lokaci bai yi ba.

Laikofin, wato karotinoid ɗin tumatir, shi ne ma ake cewa yana ɗan sauke LDL, wato mugun kolestarol, kaɗan fa, bai kai ya maye gurbin statin, maganin kolestarol da likita ke rubutawa, ba.

Da kyar wlh na lallaɓa yaya ya koma wajen likitansa, kwalbar har yau tana saman firij.

Naka, mai karatu.