Sanarwa kan kallon kiɗan ranar Asabar (daga lokacin annobar korona)

Assalamu alaikum ƴan uwa. Waɗanda suka ce za su zo kallon kiɗan Bach, tsohon mai tsara kiɗa ɗan Jamus, a cocin nan na birnin Laifzig ranar Asabar, don Allah kowa ya taho da takunkumin fuskarsa. Ba za a bari mutum ya shiga babu shi ba, kuma ba a cirewa sai an fito.

Wasu sun tambaya me ya sa aka sauya abin da za a kaɗa. Korona ce. Masu busa ba sa iya sa takunkumi, shi ya sa aka zaɓi kiɗan da ake kira Brandenburg na 3, ɗaya daga cikin shidan da Bach ya miƙa wa basaraken Brandenburg a 1721. Babu busa ko ɗaya a ciki: goge uku, biyola (goge mai ɗan girma) uku, celo (goge da ya fi biyola girma) uku, sai babban goge mai kauri da hafsikod (wani abin kiɗa mai kama da piyano). Ga kuma batun fili: a watan Mayun 2020 likitocin asibitin Charité na Balin sun ba da shawarar tazarar mita 1.5 tsakanin masu goge, masu busa kuwa mita 2.

Na leƙa gwajinsu jiya, abin sai wanda ya gani. Irin wannan kiɗa galibi ba mai sandan da ke jagorantar makaɗa a gaba, jagoran goge ne ke jan numfashi kowa ya faɗa tare. To yanzu hancin ma a rufe yake! Sai da gira da kafaɗa yake musu ishara. Wata mai celo kuwa tabarau ɗinta sai hazo yake yi, tana gogewa da hannun riga.

Mu haɗu a ƙofa ƙarfe 6:30. Kujeru kaɗan ne, wanda ya fasa ya faɗa da wuri.