A ceci takardun Mai Wurno kafin damina ta sauka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu na Mai Wurno da ƙauyukan da ke kewaye da ita a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, har da waɗanda yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya watsa zuwa Gadarif da Kasala.

Kowa a nan ya san gundarin labarin. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin kogin Bahar Azrak (Shuɗin Nilu), suka fara sauka a garin Shehu Talha wajen 1906, daga baya aka kafa garin Mai Wurno da ke amsa sunansa. Wannan kam ya shiga littattafai. Abin da bai shiga ba shi ne labarin sauran jama'a: wanda ya taso da ƙafa da niyyar Makka ya tsaya noma don neman guzuri har ya hayayyafa, da waɗanda suka tsinci auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Tarihinsu yana cikin adaka a ƙarƙashin gado, sauran kuma yana bakin tsofaffi.

Mu fara da adakar. Gara da laima suna ɓarna, amma a ganinmu mai son gyara ba da sani ba ya fi su. Kada a manne yagaggiyar takarda da salatif, domin gam ɗinsa yana ratsa takardar, ya bar tabo ruwan ƙasa, ranar ɓamɓarewa kuma ya tafi da rubutun. Kada a kai ta shago a like ta cikin roba da zafi, wannan ba ya warwaruwa har abada. Leda ma ba ta da amfani, tana riƙe gumi, fumfuna ta kama cikin damina ɗaya. A naɗe kowane littafi a farin ƙyallen auduga wankakke, a mayar da shi gafakarsa, a ɗora adakar kan bulo kamar kamu ɗaya daga ƙasa, a janye ta daga jikin bango, domin ta bango gara take hawowa. In takarda ta jiƙe, a baje ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Rana tana busar da ita har ta riƙa karyewa. Kada kuma a goge ta da tsumma mai danshi: tawadar gawayi da ƙaro ruwa ke narkar da ita, kamar dai yadda ake wanke allo.

Littattafan malamanmu warƙa-warƙa suke, ba ɗinki, sau da yawa ba lambar shafi. Mai rubutu yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan shafi, da ita ake gane jeri. Saboda haka kada a bar yaro ya "shirya" su bisa girma ko tsabta. A ɗauki hotonsu yadda aka same su, gaba da baya, har da gefen shafi, domin a nan ake samun ranar haihuwa, sunan mai littafi da garin da aka saya. Waya ta isa. A yi aikin da hantsi a bakin ƙofa, a kashe fitilar kyamara, a shimfiɗa baƙin ƙyalle, a ajiye rula a gefe don a san girman takardar. Wajen turawa ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse hoton, ɗigon haruffa su dusashe.

Ɗigon nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A rubutun da kakanninmu suka zo da shi daga yamma, fa'un ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama. Yaron da ya yi makarantar gwamnati a Sudan zai karanta ƙaf a matsayin fa'un, sunan mutum ko na gari ya sauya a hannunsa. Dole mai kwafa ya zauna da malamin da ya yi karatun allo da Warshu, kuma ya san ko ajamin na Hausa ne ko na Fulatanci. In an ga shekarar Hijira, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622 don a samu ta Miladiyya: shekarar 1321 za ta ba da 1903. Lissafin yakan kuskure da shekara ɗaya, don haka a rubuta duka biyun, ta Hijira da ta Miladiyya.

Game da tsofaffi, kada a tara su a zaure ɗaya. Mai babbar murya zai cinye zancen, sauran su yi ta gyaɗa kai don kara. A je wa kowa shi kaɗai, kada zama ya wuce awa ɗaya, a rufe layin waya don kada kira ya yanke naɗin, a fara da faɗin rana da wuri da sunan mai magana, bayan an nemi izininsa. Ba a tambayar tsoho shekara. A ce masa, "Baba, kafin ambaliyar 1946 ne ko bayanta? Kafin yunwar 1984?" Mata su je wa mata. Iyayenmu mata su suka riƙe wa ya auri wa, da ƙauyen da kowace zuriya ta fito. In ruwayoyi biyu sun saɓa, a ajiye kowace da sunan mai ita, kada a haɗa su don a faranta wa wani gida.

Naɗin awa ɗaya a waya ba ya cin wuri da yawa, ƙaramin katin waya zai ɗauki na unguwa guda. A yi kwafi uku: ɗaya wajen masu takardun, ɗaya a masallaci ko makarantar gari, ɗaya a tura wa ɗan'uwa a Jidda, Kano ko Sakkwato. Takardun asali su zauna a gidan masu su. Duk wanda ya zo da sunan bincike ya ce a ba shi aro, a ba shi hoto.

Wassalam.

Wasu malaman makaranta,
Mai Wurno, jihar Sinnar, Sudan