Zuwa ga Malamin Tarihin da Ya Tambaya: Wa Ya Ƙirga Shekarun Nok?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibai. Tambayar da ka yi mini ta waya a shirin rediyo na makon jiya, lokaci bai bari na amsa ta yadda ya kamata ba. Ka ce ɗalibanka sun tsare ka a aji: littafi ya ce mutum-mutumin Nok sun haura shekara 2,000, alhali mutanen ba su bar rubutu ba, to wa ya ƙirga? Ka ƙara da cewa kai ma zuciyarka na raya maka ko shaci-faɗi ne na Turawa. Yaran sun yi tambayar hankali, kada ka tsawata musu.

Da farko kam akwai shaci-faɗi a ciki. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan kayan laka kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna ta yau. Wani kan mutum-mutumi da aka samu a yankin Jama'a ma, sai da ya yi zaman korar dabbobi a gonar doya kafin ya isa hannun Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, a shekarun 1940. A lokacin ba abin da masani zai dogara da shi sai zurfin ƙasar da abu ya fito.

Abin da ya sauya lissafi shi ne hanyar da Willard Libby ya fito da ita a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, wadda ta ba shi kyautar Nobel a 1960. Duk abu mai rai yana shigar da wani sinadari cikin jikinsa, ana ce da shi kabon-14. Tsiro na samunsa daga iska, dabba da mutum daga abin da suka ci. Ran da rai ya fita, shiga ta tsaya, sai raguwa. Raguwar kuma tana da ƙa'ida: duk shekara 5,730 rabin abin da ke akwai yake tafiya. Ka ɗauka rumbu ne da aka daina zuba masa hatsi, kuma ka san yadda yake zurarewa. In ka leƙa ka ga saura, za ka iya faɗin yaushe aka rufe shi. Amsar ba ta fitowa da shekara guda cur, tsakani ake bayarwa, daga kaza zuwa kaza. An kuma daidaita ma'aunin da zoben cikin kututturen itatuwa, wanda ake ƙirgawa shekara bayan shekara da ido.

Da wannan awo aka gano cewa ana narka tama a Taruga, kusa da Abuja, ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da shi aka san an yi irin wannan aiki a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, tun kafin a yi zancen Bagauda. Kwalekwalen Dufuna kuwa, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a Yobe ta yau a 1987 yana haƙa rijiya, ɗakunan gwaji biyu daban-daban a Jamus suka auna itacensa, duka suka tsaya a wajen shekara 8,000. In shaci-faɗi ne, da wuya bakinsu ya zo ɗaya.

Sai dai ka lura, Malam: laka ba ta taɓa yin rai ba, saboda haka ba mutum-mutumin ake aunawa da kabon ba. Abin da ke kwance tare da shi ake aunawa. Masu binciken Jami'ar Frankfurt, waɗanda suka fara aiki a ƙasar Nok a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, sukan ɗebi ƙasar ramin su zuba a ruwa su dama. Yashi ya nutse, ƙonannun abubuwa su taso, a tace, a shanya, a duba da madubi mai ƙara girma. Abin da ke fitowa, wallahi in ka gan shi a tafin hannu cewa za ka yi dattin murhu ne: ƙwayar gero da ta ƙone, wake, ɓawon ƙwallon atile. Ƙwayar geron nan ta fi gawayi daraja, domin itace na iya daɗewa a tsaye kafin a sare shi a ƙona, amma gero ɗan damina ɗaya ne. Da irin waɗannan ƙwayoyi aka gane cewa mutanen sun zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin miladiyya, suka yi ƙarnuka suna noma kafin su fara gina mutum-mutumin da suka yi suna da shi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na zuma. Ƙasar wurin tana cinye ƙashi, shi ya sa ba a samun ƙasusuwan da za su nuna abin da suke ci. Sai aka koma ga tsingaro. Tukunyar ƙasa tana shan maiƙon abin da aka dafa a cikinta, ya maƙale a jikinta ko da ta fashe. Masana a Jami'ar Bristol ta Ingila suka niƙa guntayen tsingaro fiye da 450, suka tatso maiƙon, suna sa ran ganin kitsen nama ko na madara. A 2021 suka bayyana cewa a cikin waɗanda suka ba da maiƙo, da yawa kakin zuma ne. Wato shekara 3,500 da suka wuce akwai masu cin zuma a dazukan nan.

Ita lakar tana da nata awon. Ƙananan duwatsun da ke cikinta suna tara wani ƙarfi daga ƙasar da suke binne a ciki, wuta kuma tana goge shi. In aka ɗebi ɗan gari daga jikin abu aka zafafa, yakan fitar da haske, yawan hasken ya nuna tsawon lokacin da ya wuce tun da aka gasa shi. Amma lissafin ba ya cika sai an auna ƙasar da abin ya kwanta a ciki. Dillalan kayan tarihi a Turai sun rungumi wannan awo don su tsawwala kuɗi, 'yan jabu kuma suka koyi haɗa tsofaffin guntaye da danƙo, har sai an sa abu a na'urar hoton asibiti kafin asirinsu ya tonu.

Nan ne takaicina yake. Tun shekarun 1990 ake haƙe wuraren Nok ana fita da kaya, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Mai haƙar ya ɗauke kai, ya watsar da gawayi da gero da tsingaro, waɗanda su ne shaidun. Kan ya isa Faransa da kyansa, amma ba mai iya cewa daga wane rami ya fito, kusa da me, a gida ne ko a kabari.

Saboda haka in wani ɗalibinka ya zo ya ce garmar babansa ta tono tukunya ko kashin maƙera, ka ce kada a wanke, kada a ci gaba da tono. A ɗauki hoto a inda yake, a mayar da ƙasa, a sanar da mai unguwa da gidan tarihi mafi kusa. In kuma makaranta za ta iya ɗaukar nauyin mota, ka kai su gidan tarihi na Jos, wanda Fagg ya kafa a 1952, su yi wa ma'aikatan wurin irin tambayar da suka yi maka.

Ka gaida mini ɗaliban.

Wassalam.