Sanarwa kan manhajoji masu cutar da kwamfuta

Assalamu alaikum, iyaye da ƴan'uwa na wannan rukuni namu na Jos. Ganin yadda ake yawan turo mana fayiloli da adireshin shafukan da ba a san asalinsu ba, ya dace mu san irin ɓarnar da ke iya biyo baya.

Wanda aka fi sani shi ne bairos, wanda yake maƙalewa a jikin fayil, ya kuma bi filas daga wata kwamfuta zuwa wata, musamman idan an kai takardu shagon bugawa. Akwai kuma manhajar da ke zuwa da kamannin abu mai amfani, kamar wasa na kyauta, alhali tana leƙen abin da mutum yake rubutawa, har da lambobin sirrin asusun bankinsa.

A ganina, mafi muni ita ce mai garkuwa da bayanai, wadda take kulle fayilolin mutum gaba ɗaya, sannan ta nemi kuɗin fansa. A watan Mayun 2017, wata irin wannan manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, ta tsayar da ayyukan asibitoci da dama a Ingila, tana neman dala 300 na kuɗin intanet na Bitcoin a kan kowace na'ura. Abin takaicin shi ne, tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran kafar da manhajar ke bi ta shiga Windows, amma da yawa ba su sabunta Windows ɗinsu ba.

Saboda haka, muna roƙon kowa ya riƙa sabunta na'urarsa, ya ajiye kwafin muhimman takardunsa a wani wuri dabam, kuma kada a sake turo fayil nan sai an tabbatar da inda ya fito.