Wasiƙa zuwa ga Malam Habu: Redmi Note 13 da sa'o'inta a kasuwa

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗaki da yara. Ya zafin Nguru, ya kuma fama da ɗalibai? Allah ya ba da lada.

Saƙonka ya iso. Ka ce mai shago ya nuna maka Redmi Note 13, ya yi ta koɗa kyamararta mai lamba 108 har zuciyarka ta karkata, sai kuma ka ga Samsung A15 da Tecno Spark 20 Pro da Infinix Note 40 a jere da ita, kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Ka kuma ce wadda za ka saya kana so ta kai ka shekara huɗu ko fiye. Wannan magana ta ƙarshe ita na riƙe, domin ita ce za ta raba gardama.

Mu fara da injin da ke tafiyar da wayar. Redmi Note 13 mai 4G, wadda ta fito a Janairun 2024, Snapdragon 685 ne a cikinta. Sauran ukun kuwa Helio G99 ne na kamfanin MediaTek, illa dai Infinix sun ƙara wa nasu suna a gaba. Sunan Snapdragon yana da kwarjini a kasuwa, shi ya sa mai shago zai faɗe shi da ƙarfi, amma 685 an gina shi ne da tsofaffin ƙwayoyi, Cortex-A73 guda huɗu da A53 guda huɗu. G99 yana da A76 guda biyu da A55 guda shida, waɗanda suka zo bayan waɗancan, kuma ɓangarensa na zana hoto ya fi ƙarfi. A kira da WhatsApp da Facebook ba za ka ga bambanci ba yau. Za ka gan shi in ana haɗa bidiyo ko wasa mai nauyi, ko kuma nan da shekara biyu zuwa uku, lokacin da manhajoji suka ƙara nauyi, injin kuwa yana nan yadda yake. Duka biyun ƙirar nanomita 6 ne, wato ma'aunin ƙanƙantar sassan injin, saboda haka ba sa saurin ɗaukar zafi kuma ba sa zuƙe batir. In aka miƙo maka wata mai ɗan sauƙin kuɗi ka ga Helio G85 ko G88 a kwalinta, ajiye ta. Waɗancan nanomita 12 ne, kuma ma'adanar da ake haɗa su da ita, eMMC, ta fi ɗaya nau'in ma'adanar, UFS 2.2, jan ƙafa sosai wajen buɗe manhaja da kwafar fayil.

Sai RAM, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke buɗe, inda aka fi cin kuɗin mutane. Za ka ga an rubuta 16GB da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma a ƙanana an sa 8+8. Takwas ɗin farko ne na gaskiya. Na biyun yanki ne aka aro daga ma'adanar hotuna da fayiloli, wadda saurinta bai ko kama ƙafar RAM ba, don haka abin da yake yi kawai shi ne ajiye manhajar da ka bari a baya. Ka ƙirga lambar farko kaɗai. A15 tana zuwa da 4GB da 6GB da 8GB, kuma mai huɗun ita ce aka fi baza wa a shaguna saboda arha. Kada ka saye ta. Manhajar Samsung tana da nauyi, da 4GB za ka fita daga manhajar banki don kwafo lambar da aka turo maka, ka dawo ka tarar ta rufe ta koma farko. Shida ne mafi ƙaranci, takwas in aljihu ya yarda.

A fuskar waya kuwa Redmi ce sarauniya, wannan ba na musu. AMOLED ce, wato fuskar da kowane ɗigonta ke ba da haskensa da kansa, mai inci 6.67, tana sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, gefunanta sirara, haskenta na ƙoli an ce ya kai nit 1800 (nit ma'aunin haske ne), ko da yake wannan lamba ta ɗan ƙaramin wuri ce na ɗan lokaci. Ta A15 ma AMOLED ce, inci 6.5, sau 90, haskenta a rana nit 800, sai dai tana da kauri a gefe da ɗigon kyamara irin na da. Note 40 AMOLED ce mai sau 120. Spark 20 Pro ce kaɗai mai LCD, wato fuskar da ake haska ta da fitila daga baya, kuma ita ce za ta fi sa ka kare fuskar da tafin hannu in kana karanta saƙo da azahar. Redmi tana kuma da lasifika biyu, A15 ɗaya tak, kuma in kana sauraron karatu ko wa'azi ba tare da abin kunne ba za ka ji bambancin.

Amma tsaya ka ji abin da mai shago ba zai faɗa maka ba. Waya mai shekara huɗu a hannu, da wuya fuskarta ba ta fashe ko sau ɗaya ba. Fuskar AMOLED ta asali tana da tsada, sau da yawa har mutum ya tsaya yana lissafin ko gara ya sayi wata wayar. Saboda haka abin da masu gyara suka fi sawa shi ne kwafi na LCD mai arha. A Redmi Note 13 abin karanta zanen yatsa yana ƙarƙashin fuskar ne, kuma yana aiki ne da hasken da ke ratsa AMOLED. Da zarar an sa kwafin LCD, ya mutu ke nan, sai ka koma buga lamba, har a manhajar banki. Haka ma Note 40. A A15 kuwa abin yana jikin madannin kunnawa na gefe, ko wace irin fuska aka sa mata yana nan yana aiki. Ta Spark ita ce mafi arhar canji tunda dama LCD ce, kuma kayan Tecno da Infinix sun fi na kowa samuwa, domin kamfani ɗaya ne ke yin su, Transsion, kuma yana da cibiyoyin gyaransa na Carlcare. Kafin ka biya kuɗi, ka leƙa wajen mai gyaran da ka amince da shi a nan Nguru, ka tambaye shi kuɗin fuskar kowacce, ta asali da kwafi, da kuma wacce ce sai an aiko da ita daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano.

Kyamarar 108 ɗin nan ba ƙarya ba ce, amma in ba ka sauya saiti ba, ba hoton megafiksel 108 take ba ka ba. Tana haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, hoton ya fito a 12. Ta A15 mai 50 tana haɗa huɗu, ya fito a 12.5. Da rana Redmi ta ɗan fi fito da ƙananan abubuwa, musamman in ka jawo hoton, kamar rubutun allo daga bayan aji. Da dare dukkansu sai haƙuri, domin daga Redmi har A15 babu mai na'urar da ke riƙe idon kyamara kada ya girgiza, hannunka na motsi hoto ya dagule. Ƙaramar kyamarar nan mai 2 da ake cika lissafi da ita, kada ka sa ta a ma'auni ko kaɗan.

Batir duk 5000mAh ne, kowacce za ta wuni. Bambancin yana wajen caji, kuma ga mai zama inda wuta ke zuwa ta ɗauke ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Note 40 tana jan wat 45, Redmi da Spark 33, A15 kuwa 25. A aikace Infinix za ta cika a kusan awa ɗaya, Redmi ta ɗan haura awa, Samsung ta doshi awa ɗaya da rabi. Sannan Samsung ba ta sa kan caja a kwali, kebul kawai za ka tarar, mai bakin Type-C a kowane gefe. Dole ka ƙara kuɗin kan caja a lissafinka, kuma ba kowanne ba: sai wanda aka rubuta PD da PPS a jikinsa zai ba ta wat 25 ɗin, in ba haka ba za ta riƙa ja a hankali. Jabun cajar Samsung sun cika kasuwa, kwali da tambari duk daidai, don haka ka gwada a shago. In ta gaske ce, fuskar wayar za ta nuna caji mai tsananin sauri. Redmi ma wat 33 ɗinta sai da nata kan cajar da kebul ɗinta, in ka kai ta shagon caji aka jona ta da abin da ya samu, ta zama kamar kowace waya.

Zafin garinku shi ne babban makiyin batir. Masu ƙera wayoyi suna ba da iyakar digiri 35 don amfani, ku kuwa a watan Afrilu da Mayu kuna haura 40. Caji mai sauri yana ƙara zafi a kan zafi, shi ne ke sa batir ya kumbura ya ɗaga murfin baya. Ka cire mata riga in za ka yi caji da rana, kada ka sa ta ƙarƙashin matashi, kada ka bar ta a gaban mota. A15 tana da saitin kare batir da ke tsayar da caji a kashi 80 ko 85, ka kunna shi duk ranar da kake da tabbacin wuta. Game da ƙura kuwa, Redmi da Note 40 suna da shaidar IP54, wato sun jure ƙura da yayyafi, ban da tsoma su a ruwa. A15 ba ta da wannan shaida. In hunturu ya shiga ka ga caji yana yankewa, kafin ka zargi caja ka kashe wayar ka sakace ramin a hankali da tsinken haƙori na itace. Allura tana lanƙwasa ƙarafan ciki.

Yanzu ga abin da ya sa na riƙe maganarka ta shekara huɗu. A15 ta fito a Disambar 2023 da Android 14, kuma Samsung sun yi alƙawarin sabon Android har sau huɗu da gyaran tsaro na shekara biyar, wato zuwa ƙarshen 2028. Redmi Note 13 ta fito bayanta, amma da Android 13, kuma wa'adinta bai kai na Samsung ba. Infinix sun yi wa Note 40 alƙawarin sabuntawa biyu da tsaron shekara uku. Ka lura, ƙirgen yana farawa ne daga ranar da waya ta fito, ba ranar da ka saya ba. Wayar da albashinka ke shigowa ta cikinta, da lambobin sirrinka, ba na so in ga an daina toshe mata ɓaraka tana hannunka. In ka tarar da A16 a shagon, wadda ta biyo baya a ƙarshen 2024, ita alƙawarinta shekara shida ne, ga IP54, injin mai 4G ɗin kuma G99 ɗin nan ne dai. Abin da ta rasa shi ne ramin abin kunne.

Redmi da Tecno da Infinix duk suna zuwa da talla a cikin manhajojinsu da tarin wasanni da ba ka nema ba, masu cin data a ɓoye. Ana iya rage su. A Redmi ka janye izinin wani abu mai suna msa a saiti, ka kashe shawarwari a manhajar fayil da ta tsaro. A dukkansu kuma ka ba WhatsApp izinin tashi da kansa, ka cire shi daga masu tsimin batir, in ba haka ba saƙo ba zai shigo ba sai ka buɗe.

Ranar saye, kada ka bar shagon sai ka yi waɗannan. Danna *#06#, lambar IMEI da ta fito, wato lambar shaidar wayar, ta zama daidai da ta kwali, kuma a rubuta ta a rasit. Shiga saiti ka ga RAM da ma'adana da idonka. A Samsung danna *#0*#, za ta buɗe shafin gwaji, ka duba ja da kore da shuɗi ko akwai ɗigon da ya mutu, ka kuma bi layin taɓawa har kusurwoyi. Sa layinka ka ga 4G ya kama, musamman in Glo kake riƙe, domin nasu yana hawa zangon sadarwa na 28 ne (Band 28), kuma wayar da aka yi wa wata ƙasa tana iya rasa shi. In Redmi ce ka tabbatar akwai Play Store tun daga kwali, kada a haɗa ka da wadda aka yi wa kasuwar Sin aka sauya mata manhaja. Yi kira ka kara a kunne ka ga fuskar ta mutu, don yawancin wayoyin wannan aji ba su da na'urar gane kusancin kunne ta gaske, sai kumatu ya riƙa danna abubuwa ana cikin magana. Zaro tiren layi kuma ka duba: a A15 da Redmi gurbi na biyu na haɗaka ne, ko layi ko memori. Tunda layi biyu kake riƙewa, memori ba shi da wuri, saboda haka 256GB ya fi maka 128.

Ni dai shawarata, Malam, ka ɗauki A15 mai 8GB da 256GB, ko A16 in ratar kuɗin ba ta da yawa, ka haɗa da caja ta gaske da gilashin kariya da riga mai kauri a kusurwa, duk a rana ɗaya. In kuɗin bai kai mai shida ba ma, to gara Redmi mai takwas da Samsung mai huɗu. Infinix kuwa sai in matsalar wuta ta fi ƙarfin komai a unguwarku, ka yarda kuma za ka sauya ta bayan shekara uku. Farashi yana bin dala, don haka ka tambayi shago uku a ranar, ka turo mini abin da suka ce kafin ka biya.

Ka gaishe mini da Baba da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Mutanen gida duk suna gaishe ku.

Naka,
Sani