Takardar da Ke Cikin Malfa

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, sai zafin Kano da ya fara sako mu gaba. Babanku yana gaishe ka. Ƙafar tasa da sauƙi, har ya koma fita masallaci da asuba ba mai riƙe shi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali shekaranjiya muka yi waya. To ai wayar ce ta jawo. Duk sanda na ɗauko maganar nan sai ka ce "to Umma, in sha Allah," daga nan kuma sai sabis ya ɗauke. Ban ce da gangan kake yi ba, amma sabis ɗin Gembu ya san lokacin da yake ɗaukewa. Shi ya sa na rubuta na cusa a cikin malfar da na aiko maka, don ba yadda za a yi ka zare takardar hannunka bai taɓa ta ba.

Yayarka ce ta nuna mini hoton. Kada ka kira ta da faɗa, ba ƙararka ta kawo ba, murna take yi wai ƙaninta ya zama ɗan yawon buɗe ido. Ga ku nan ku shida a kan tudu, kowa da rigar sanyi, ciyawa shimfiɗe har iyakar gani, shanu can ƙasa kamar an watsa wake. Wurin ya yi kyau, ban musa ba. Amma ni ba wurin na kalla ba. Na ce ta jawo mini fuskarka kusa. Hana-sallah ce a kanka, ita ɗin ma ka juya bakinta baya. Kai da kake zabiya, kunnuwanka sun yi jawur, karan hancinka ya fara saɓa. Tana ta dariya tana nuna mini shanu, ni kuwa sai da na nemi wuri na zauna. Da ta ƙara da cewa wai kuna shirin hawa dutsen Chappal Waddi kafin ruwa ya sauka, ku yi kwana da kwanaki a tanti, ranar ban runtsa ba.

Babanku macizai yake ta lissafawa, da santsin dutse, da mutanen banza a daji. Waɗannan na bar wa Allah da masu gadin gandun Gashaka-Gumti da za su yi muku jagora. Ni rana ce ta tsaya mini a rai.

Na san amsarka tun kafin ka ba ni: "Umma, nan fa sanyi ake, da bargo biyu muke kwana." Wannan maganar ita ta fi tayar mini da hankali. A nan gida zafi ne ke kora ka inuwa ko ba ka so. A Mambila ba mai korar ka, iska na kaɗawa, kana jin daɗi, fatarka tana gasuwa. Abin da ke ƙona fata wani sashe ne na hasken rana da ido ba ya gani, jiki ma ba ya jin sa sai ya gama ɓarna, shi likitoci ke ce wa UV, kuma babu ruwansa da sanyi. Da tudu yake ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk mita 1,000 da mutum ya hau, ƙarfinsa na ƙaruwa da wajen kashi 10 cikin 100. Kano ba ta kai mita 500 daga teku ba. Inda kake zaune ya kai kusan ninki uku na haka, ƙololuwar da kuke son hawa kuwa mita 2,419 ce, babu wurin da ya kai ta tsayi a duk Najeriya. Kai ne mai lissafi a gidan nan, sai ka buga. Kada kuma gajimare ya yaudare ka, siririn gajimare yana barin har kashi 80 ya wuce.

Abokan naka Allah ya yi musu tasu malfar tun daga ciki, baƙin da ke fatarsu shi ne garkuwarsu. Kai bai ba ka wannan ba, ya ba ka wasu abubuwan da su ba su samu ba. Don haka abin da za su yi su kwana lafiya, kai ba lallai ka kwana lafiya ba. Hana-sallah goshi take rufewa da rabin hanci, in an sa ta daidai ke nan. Kunne a waje, ƙeya a waje, kumatu da gefen wuya a waje. Shekara 35 na yi ina aikin jinya, kuma duk zabiyan da aka kawo mana da gyambon da ya ƙi warkewa, a waɗannan wuraren yake: saman kunne, leɓen ƙasa, hanci, ƙeya. Kamar an zana wa hana-sallah iyaka an ce daga nan ciwo zai fara.

Kana aji biyu lokacin ciwon Kawu, yayana, wanda shi ma zabiya ne, ban san abin da kake iya tunawa ba. Wataƙila rawanin da ya dinga naɗawa har kan kunne, da turaren da muke ta kunnawa a ɗakin. Abin ya fara ne da ɗan kaushi a saman kunnen dama, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Yana ɓamɓarewa ya dawo. Da idona na gani ranar sunan yayarka ta biyu, na ce masa ya zo asibiti, ya yi dariya ya ce kaikayin gona ne. Na bar shi. Ni da nake ma'aikaciyar jinya, na bar shi, don ba na son a ce ƙanwa ta raina yayanta a gaban mutane. Bayan damina biyu ya zama gyambo. Sai aka ce ciwon daji ne, daji kuma ba ya son allura, aka shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ka kuma san maganar da ta shiga tsakanina da Gwaggo a kan haka, wadda har yau ba ta gama hucewa ba. Ranar da aka yarda aka kawo shi, ni na kwance ƙyallen da hannuna. Babu kunne a wurin, Auta. Bai cika arba'in ba. Ajali ne, na yarda, Allah ya jiƙansa. Amma mutumin nan tun yana yaro yake noma da hular saƙa, malfarsa tana rataye a bukka don wai tana hana shi sunkuyo.

Kunnen da na gani a hoton nan, irin nasa ne sak. Har lanƙwasar.

Yanzu kuma an ce mini wai kunya kake ji. Wai malfa sai ka ce wanda shanunsa suka ɓata. Kunyar wa? A ƙasar da makiyaya suka fi kowa daraja kake jin kunyar malfa? Su da suke baƙaƙe, suke yini a rana tun kaka da kakanni, ba su raina ta ba, har ado suke mata da fata. Sai kai, mai digiri, kai ne ka fi ƙarfinta. Haba Auta! Kai ba yaro ba ne. In don yarinyar nan ce mai jan mayafi da ke tsaye gefenka, ai na gan ta, ba makauniya ba ce ni. In tana son ka, da kunnuwanka biyu take son ka. In kuwa malfa za ta kore ta, ta tafi tun yanzu, Allah ya raka taki gona. Wallahi ban yi ta yawo da kai asibitin ido tun kana goye ba, ban sayar da abin da na sayar ba, don ka je ka miƙa wa rana kanka saboda hoto.

Na san daga ina ƙiyayyar nan ta samo asali, ba sai ka faɗa ba. Ni na tura ka firamare da malfa da riga mai dogon hannu lokacin da kowa ke da gajere. Na san sunayen da suka sa maka. Na san ranar da ka jefa ta a kwata ka dawo ka ce iska ce, na kuma san abin da na yi maka ranar, wanda da yanzu ne ba zan yi ba. Na hana ka ƙwallon rana, kana leƙen yara ta taga. Babanku ya sha ce mini na matsa maka, zan mai da kai mace. Mai yiwuwa na wuce gona da iri a wasu wuraren. Amma a lokacin ina dawowa ne daga wanke gyambon Kawu in tarar da kai a tsakar gida kai buɗe. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ga shi yau kana da shekara 24 babu tabo ko ɗaya a fuskarka, ka je taron zabiya na ranar 13 ga Yuni ka dubi sa'o'inka, sannan ka zo ka ce mini na zalunce ka.

To, ya isa. Ban ce kada ka hau dutse ba. Na tsare ka da yawa kana ƙarami, ba zan tsare ka kana babba ba. Ka hau, ka ga ƙasar Allah, ka zo ka ba ni labari.

Malfar guda biyu ce. Ta kaba a Kurmi na saya, sai da na ɗaga guda bakwai ina duba rana ta cikinsu, mai shagon har ya fara ƙosawa. Duk wadda haske ke ɗigowa ta saƙarta ba ta da amfani a wurinka. Wannan ɗin ma na sa tela ya yi mata shafi da baƙin yadi ta ciki har ƙarƙashin baki, zai rage maka ƙyallin da ke sa ka runtse ido. Ita ce ta kullum, ta zuwa makarantar da kake koyarwa da kasuwa. Ɗayar ta yadi ce mai kauri, tana naɗewa ta shiga jaka, ita ce ta dutse. Bakin kowacce ya haura inci 3, ƙasa da haka ba ya kare kunne da wuya. Na sa musu igiyar haɓa, kada ka yanke ta don gayu. Iskar can ba wasa ba ce, kuma wannan karon ba zan karɓi "iska ce ta ɗauke" ba.

Man kariyar rana kwalba uku ne, mai lamba 50. Kada ka tambaye ni kuɗinsa, kada kuma ka raba wa abokai. Duk awa biyu ka sake shafawa, ka bi kunne gaba da baya, ƙeya, leɓe, bayan hannu. Abin da kake mantawa kullum shi ne alwala tana wanke shi, gumi ma haka. In ka yi alwalar azahar ka nemi gindin bishiya ka yi sallah, ka shafa, sannan ka mai da malfa. Ku riƙa kama hanya da an sallame asuba, don daga ƙarfe 10 zuwa 4 ne rana ta fi cizo. In ba agogo ka dubi inuwarka, in ta fi ka gajarta, lokacin fakewa ne. Dogon hannu ko da gumi, da baƙin gilashinka.

Duk daren Juma'a ka sa wani ya haska maka bayan kunne da ƙeya da tocila. In yatsanka ya ji wani kaushi kamar yashi da ke ɓarewa ya dawo, ko ƙurjin da ya yi wata bai warke ba, ko yana ɗan jini, kada ka jira ƙarshen hidimar ƙasa, kada ka saurari mai cewa a shafa wani abu. Ka sauko Jalingo asibiti, ka kira ni kana hanya. Da wuri ɗan aiki ne kaɗan.

Akwai dambun nama da yaji a ƙasan kwalin, ƙulli mai jan zare na mai gidan da kake zaune ne, ka kai masa da gaisuwata. Direban ya ce Laraba zai iso. In ya iso ka sa ta kabar, ka tsaya a rana, ka ɗauki hoto ka turo wa yayarka. Ta gefe nake so, inda zan ga kunnen a cikin inuwa.

Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya ya sauko da kai lafiya.

Ummanka